Waya Ko Alkawari? Abin Da Duwatsun Sant Katrin Suka Koya Min Game Da Gonar Mama

 Yau labarin da na zo muku da shi na yadda na kusa sa Mama ta sayar da awarwaronta na zinare a banza ne, da yadda wasu duwatsu a Sina'i suka dawo da ni cikin hayyacina. Amma ku yi haƙuri in fara daga unguwarmu, don daga nan matsalar ta samo asali.

A Zamalek na tashi, tsibirin nan da ke tsakiyar Kogin Nilu a Alkahira. Duk wanda ya taɓa bin titin da ke kai mutum Hasumiyar Alkahira ya san ƙatuwar bishiyar da ke wurin, wadda jijiyoyinta ke saukowa daga rassa kamar igiyoyi har su kafu a ƙasa. Daga Indiya aka kawo ta, aka dasa a 1868 zamanin Khedewi Isma'il. Dangin ɓaure ce, shi ya sa Mama ke ce mata ceɗiyar Indiya. Dab da ita akwai Lambun Zuhriyya, wanda aka kafa a wancan zamanin don a riƙa kawo tsirrai daga ƙasashen waje ana saba musu da iskar Masar. To ni tun ina ƙarama abin da na sani game da bishiya ke nan: a kawo ta daga wani wuri, a dasa, a ba ta ruwa da tiyo, a kewaye ta da ƙarfe, a sa mata mai gadi. A Alkahira kusan ba a ruwan sama, don haka duk koren da ka gani, hannun wani ne ya yi shi.

Saƙon Kawu

Mama 'yar wani ƙauye ce a kudancin Maraɗi. Da mahaifinta ya rasu aka raba gado, ta samu gona, yayanta, wato Kawu, shi ke noma ta. Bara bayan an gama girbin hatsi ya turo mana bidiyon gonar ta WhatsApp, yana ta murna. Ni kuwa abin da idona ya gani daban: kututture ko'ina, ƙananan sabara da kalgo birjik kamar ba a yi sassabe ba, ga awaki da tumakin maƙwabta suna yawo a ciki kamar gidan ubansu.

Ina shekara ta uku a jami'a, ilimin tsirrai nake karanta, kuma kun san yadda ɗalibin shekara ta uku yake ji da kansa. Na ɗauki wayar Mama na yi wa Kawu saƙon murya na minti huɗu da gurguwar Hausata. Na yi masa bayanin kwararowar hamada. Na ce awaki ne ke cinye ƙasar Sahel. Na ce a sayi waya a kewaye gonar, a share waɗannan ciyayi, a sayo dashen dogon yaro a jera a layi.

Amsarsa ba ta kai daƙiƙa goma ba. "Ɗiyata, na ji karatun lakkwal. To in kun sa waya, wa za ya ba gonar taki?"

Daga nan Kawu ya yi shiru. Mutumin da ba ya kwana uku bai turo gaisuwa ba, sai ga shi mako ya wuce, wata ya wuce. Mama kuwa ta yarda da ni, tunda ai ni ce mai karatun. Ta sa aka tambayo mata kuɗin waya a kasuwar Maraɗi, ta fito da awarwaron aurenta ta ajiye a kan madubi, ta ce da zarar an shiga bazara za ta kai su wajen masu zinare.

Ana cikin haka sashenmu ya shirya tafiyar karatu ta kwana biyar zuwa Sant Katrin.

Duwatsun Da Wuta Ta Haifa

Daga Alkahira zuwa garin Sant Katrin ya fi kilomita 400. Mota za ta bi ta ƙarƙashin mashigin Suwes, ta gangara kudu ta gefen teku, sannan ta fara hawa. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, har dusar ƙanƙara tana sauka da hunturu. E, a Masar! A nan Dutsen Musa yake, wanda mu muka sani da Ɗuri Sina, mai tsayin mita 2,285. Kusa da shi akwai Dutsen Katrin mai mita 2,629, babu wanda ya kai shi tsayi a duk ƙasar. A gindin Dutsen Musa akwai tsohon gidan ibadar Kiristoci da aka gina a ƙarni na shida zamanin Sarki Jastiniyan, da masallaci a cikin harabarsa tun zamanin Faɗimiyyawa. Gwamnatin Masar ta keɓe yankin a matsayin gandun da doka ta kare a 1988, daga baya aka faɗaɗa shi ya haura murabba'in kilomita 4,000, sannan a 2002 hukumar UNESCO ta sa tsakiyarsa cikin wuraren tarihi na duniya.

In aka ce gandu kada ku kawo Yankari a ranku. Da na sauka daga mota ban ga komai ba sai dutse, ja da baƙi. Malaminmu ya ce mu lura da launin nan da kyau, don shi ne mabuɗin komai. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce wannan yanki tafasa yake. Narkakken dutsen da ya yi amai ya fito sarari ya huce da sauri, shi ne baƙin da ke saman Dutsen Katrin. Wanda ya huce a hankali a can ƙarƙashin ƙasa shi ne jan. Wutar ta mutu tun tuni, amma har yau ita ke yanke hukuncin inda tsiro zai fito.

Ga yadda abin yake. Ruwan da ke sauka a nan a shekara bai kai milimita 100 ba, alhali Maraɗi tana samun wajen 500 muna ta kuka da fari. Jan dutsen santsi gare shi, ba ya shan ruwa, don haka ɗan abin da ya zubo sai ya gangara ya taru a ƙananan kwaruruka masu ƙasa a tsakanin duwatsu, waɗanda mutanen wurin ke kira farsh. Sannan akwai wasu baƙaƙen layuka da suka ratsa jan dutsen kamar zanen wuƙa, inda narkakken dutse ya kutsa cikin tsaga ya daskare. Su waɗannan sun fi saurin rududdugewa, suna riƙe ruwa. In ka bi layin da ido za ka ga tsirrai sun jeru a kansa, kuma a kusa da su mutane ke haƙa rijiya.

Shi ya sa wurin da na raina da kallon farko yake ɗauke da tsirrai fiye da iri 400. Fiye da iri goma daga ciki babu su a ko'ina a duniya sai nan. Da yawansu danginsu na can duwatsun Iran da Turkiyya. Sun bazu har nan lokacin da duniya ta fi haka sanyi da danshi, da zafi ya zo ƙasa ta bushe sai suka maƙale a saman duwatsu, suka zama kamar mazauna tsibiri a tsakiyar hamada. Da malam ya faɗi haka wata ƙawata ta zungure ni ta ce, "Ya'ani irinku ke nan." Na harare ta, amma na yi dariya.

Furen Da Ake Ƙirgawa Da Yatsa

Jagoranmu wani dattijo ne ɗan ƙabilar Jabaliyya, Larabawan dutsen da suka fi shekara 1,400 a wurin, tun da aka kawo kakanninsu don hidimar gidan ibadar. Ammu muke ce masa. Kwana na biyu ya kai mu wani tsagin dutse mai inuwa inda ruwa ke tsattsafowa. A jikin dutsen akwai wasu 'yan tsirrai masu ganye kamar an barbaɗa musu gari. Wannan shi ne Primula boveana, mai rawayan fure. Sunan wani mai aikin lambu, Nicolas Bové, aka sa masa, wanda ya yi aiki a Alkahira sannan ya zo Sina'i tattara tsirrai a 1832. A 2014 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta sa shi a jerin waɗanda ke gab da ɓacewa, lokacin manyan da suka isa yin fure ba su kai 200 ba. A duk duniya fa.

Na tambayi Ammu ko awaki ne suka cinye su. Ya nuna min wata tsaga a can sama, busasshiya ƙayau. Ya ce yana yaro ruwa na ɗiga a nan har tsakiyar rani. "Ya binti," in ji shi, "akuya tana cin ganye, amma ba ita ta shanye ruwan ba."

Na yi shiru, amma ban sallama ba tukuna.

Wayar Farsh Shu'aib

Kwana na uku muka hau wajen wani kwari da ake kira Farsh Shu'aib, kusa da Dutsen Musa. A nan akwai wani irin za'atar na daji mai kwanciya a ƙasa kamar matashin kai, in ka murza ganyensa ƙamshin zai bi ka har dare. A kan wannan za'atar kaɗai wani ɗan malam-buɗe-littafi mai shuɗin fiffike yake saka ƙwai, tsutsarsa kuma furensa kaɗai take ci. Yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya, bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, kuma sai a 1975 masana suka ba shi suna. In za'atar ɗin ya tafi, shi ma ya tafi.

To a 2003 aka yi daidai abin da na gaya wa Kawu: aka kewaye za'atar ɗin Farsh Shu'aib don a hana awaki shiga. Bayan shekara goma wasu masu bincike na Jami'ar Nottingham ta Ingila, Katy Thompson da Francis Gilbert, suka duba abin da ya faru, suka wallafa a 2013. Tsirran da aka kewaye ba su farfaɗo yadda aka zata ba, da yawa ma sun mutu. Sun kuma gwada datse wasu da hannu kamar yadda akuya ke yi, ba su ga alamar hakan ya cutar da su ba. Abin da ya fi yi wa za'atar ɗin illa shi ne shekarun fari. Jabaliyya dama sun daɗe suna faɗa cewa ɗan kiwo ba ya kashe shi, amma wa ya saurare su?

Wallahi sai na ji kunya ta rufe ni a kan dutsen nan. Na ce wa malam to amma ai mun karanta a aji cewa shinge ya ceci tsirrai. Ya ce ƙwarai, ya tuna min da gandun Haleakala a tsibiran Hawai na Amurka, shi ma dutse ne mai aman wuta. Akwai wani tsiro a can mai ganye fari sol da ake wa laƙabi da takobin azurfa, sau ɗaya yake fure a rayuwarsa ya mutu. A shekarun 1920 ya kusa ƙarewa saboda awaki da shanu da 'yan yawon buɗe ido masu tumɓuke shi. Aka hana tumɓuka, aka kewaye gandun a shekarun 1980, aka fitar da awaki, tsiron ya dawo dubbai. Amma a Hawai akuya baƙuwa ce, jiragen ruwan Turawa ne suka kai ta a ƙarshen ƙarni na 18, tsirran can ba su taɓa sanin bakin dabba mai kiwo ba. A Sina'i kuwa tsiro da akuya sun yi dubban shekaru tare, kafin akuya ma akwai awakin dutse na daji. Ciwon daban, dole magani ya bambanta. Ya ƙara da cewa ko a Haleakala ɗin, daga shekarun 1990 tsiron ya sake ja da baya saboda ƙarancin ruwa da ƙaruwar zafi, abin da babu shingen da zai tare.

Kada ku ɗauka ina wanke awaki ne. Kusa da gari, inda mutane suka taru wuri guda dabbobi suna bin fili ɗaya kullum, za ka ga ƙasa fayau. Su kansu Jabaliyya sun san haka, shi ya sa suke da wata tsohuwar al'ada da suke kira hilf. Manya za su zauna su yi alkawari cewa kwari kaza babu mai kai dabba ciki har zuwa lokaci kaza, sai tsirrai sun yi fure sun zubar da iri. Ba waya, ba mai gadi, magana ce kawai, wanda ya saɓa kuma ya san abin da zai biya. In lokaci ya cika a buɗe, a rufe wani wurin. Ita waya ba ta san wata ba, ba ta san shekarar ruwa ko ta fari ba. Masu alkawari sun sani.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne lambunansu. A cikin kwarurukan nan Jabaliyya suna da ɗaruruwan ƙananan lambuna da aka kewaye da ginin dutse, cike da zaitun, ɓaure, rumman, inabi, mishmish da lauz. Wani binciken na Olivia Norfolk da abokan aikinta, shi ma a 2013, ya nuna cewa tsirran daji sun fi yawan iri a cikin lambunan fiye da filin da ke wajensu. Mai lambu yana ba bishiyarsa ruwa, ciyawar magani ta fito a gindi, ya bar ta don yana shan shayinta. Wato a nan inda hannun mutum yake, nan daji ya fi samun mafaka.

Ashe A Maraɗi Aka Fara

A daren ƙarshe muna zaune muna shan shayin habak, malam ya tambaye ni daga ina iyayena suke. Da na ce Maraɗi sai ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Ke 'yar Maraɗi ce kike tambayata yadda ƙasa ke farfaɗowa?"

Kai, jama'a, ban san labarin ba, ni da ake kira 'yar Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa wajen dasa itatuwa a Nijar, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan ciyayin da manoma ke sharewa duk shekara tohon itatuwa ne. An sare na sama, amma saiwar tana nan da rai a ƙasa, ta riga ta kai inda danshi yake. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kula da su har su fi ƙarfin bakin akuya. Manoma da dama sun san dabarar tun kaka da kakanni, abin da ya sa aka yi watsi da ita har da dokar da ta mai da itatuwa mallakar hukuma, ta yadda barin bishiya a gona jawo wa kai tara ne. Bayan yunwar 1984 abin ya fara bazuwa daga manomi zuwa manomi, aka sa masa suna sassaben zamani, hukuma kuma ta sassauta. A shekarun 2000 masana irin su Chris Reij da Gray Tappan suka duba hotunan tauraron ɗan Adam, suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso.

Na buɗe bidiyon Kawu na sake kallo a wurin. Kututturan da na ce a share, kowanne da toho biyu ko uku a tsaye, an gyara su tsaf. Manyan da ke bayansa gawo ne, bishiyar da ke kaɗe ganyenta da damina ta bar wa hatsi rana, ta yi kore da rani ta zubar wa dabbobi 'ya'ya. Dabbobin su ci, su kwanta a inuwa, su bar taki, su yaɗa irin gawon a kashinsu. Tambayar da ya yi min, wa zai ba gonar taki, ashe ita ce duk darasin.

Abin Da Ya Rage

Ban baro Sant Katrin da kwanciyar hankali ba. Tun 2021 ake gudanar da wani babban aikin gwamnati a garin mai suna Attajalli Al-A'azam, da otal-otal da sabbin tituna da gidaje, don jawo masu yawon buɗe ido. A 2023 UNESCO ta nemi a dakata da ƙarin gine-gine a auna tasirinsu tukuna. Matasan garin na buƙatar aiki, wannan gaskiya ne. Amma a ƙasar da ake ƙirga fure da yatsa saboda idon ruwa ya ƙafe, dole mutum ya tambaya daga ina ruwan dubban baƙi zai fito, kuma ko za a tambayi masu hilf wannan karon.

Da na dawo Zamalek, kafin in cire takalmi na ɗauki awarwaron Mama na mayar mata cikin akwati. Sannan na kira Kawu, kira na gaske, ba saƙon murya ba. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da gajiya, na ce, "Kawu, na yi rashin kunya, a yafe min." Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ba komi ɗiyata. Sai da kika hau dutsen Annabi Musa kika gano abin da ke bayan ɗakin uwarki?" Ya ce dai akwai gefe guda da tohon ke ƙanana, nan yana son a kare, amma ƙayar aduwa da magarya ta isa, ya kuma riga ya yi magana da maƙwabta kada a kai dabbobi wajen sai baɗi. Na ce a Sina'i hilf suke ce wa wannan. Ya ce su a nan mutunci suke ce masa.

Yanzu aikin kammala karatuna a kan gonar Mama zan yi shi. In Allah ya kai mu damina zan tafi in ƙirga kowace bishiya, in rubuta sunanta na Hausa kafin na Latin, Kawu ne zai riƙa faɗa min. Ya ce in taho da takalmin kirki saboda ƙarangiya.

Ku da iyayenku ke da gona a gida, a Katsina ne ko Damagaram ko Sakkwato, kafin ku tura kuɗi da umarni daga Landan ko Jidda, ku fara tambayar mai noma ta me ya bari a cikinta, kuma don me. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar zumunci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.